Likita bai gani ba, mai bin gida-gida ya gani: yadda hira da tsofaffin Goa ta tsara kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsu

An yi wa rukuni biyu na ma'aikatan lafiya a jihar Goa ta ƙasar Indiya tambaya iri ɗaya, suka ba da amsoshi masu karo da juna. An karanta musu gajeren labarin wani tsoho da mantuwa ta kama, aka ce ko suna cin karo da irinsa. Likitocin ƙananan asibitoci suka ce da wuya irin wannan mutum ya zo gabansu. Ma'aikatan da ke bin gida-gida kuwa suka ce sun san irinsu da dama a unguwannin da suke zagayawa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tsofaffin suna nan, ba a dai kai su asibiti ne. Da rajistar asibiti aka buɗe aka ƙirga, da an rubuta cewa cutar mantuwa ba ta dami Goa ba, a rufe fayil.

Wannan saɓanin ya fito ne a binciken da Vikram Patel da Martin Prince suka buga a mujallar Psychological Medicine a 2001. Ba binciken ƙirga ba ne. Zama aka yi da mutane, aka bar su suka yi magana, aka saurara. Daga wannan zaman ne ayyuka biyu suka tsiro, ɗaya aka buga sakamakonsa a 2008, ɗaya a 2019.

Wurin da masu aikin

Goa ita ce mafi ƙanƙantar jihohin Indiya a faɗin ƙasa. Tana bakin teku ta yamma, kuma a ƙidayar 2011 mutanenta ba su cika miliyan ɗaya da rabi ba. Turawan Fotugal sun riƙe ta tun daga 1510 har 1961, shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'arta Kiristoci ne. Mafi rinjaye mabiya addinin Hindu ne, sai Musulmi 'yan tsiraru. Harshen gida Konkani. In aka gwada ta da sauran jihohin ƙasar, Goa tana da rufin asiri: karatu ya yaɗu, asibitoci ba su yi ƙaranci ba, haihuwa ta ragu, mutane suna yin tsawon rai. To, daga cikin wannan ci gaban matsalar ta ɓullo. Tsofaffi sun yawaita, 'ya'ya sun ƙaranta, waɗanda aka haifa ɗin ma da yawansu sun tafi nema, wasu Mumbai, wasu ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, wasu aikin jirgin ruwa.

Patel likitan ƙwaƙwalwa ne, yana cikin waɗanda suka kafa Sangath, ƙungiya mai aikin lafiyar ƙwaƙwalwa, a Goa a 1996. Kafin nan ya yi aiki a Zimbabuwe, inda ya bi diddigin yadda mutanen Shona ke bayyana damuwar zuciya da bakinsu, don haka ya san cewa kalmar da ke cikin littafin likita ba lallai ta zama wadda mara lafiya ke amfani da ita ba. Prince kuma a lokacin yana cibiyar nazarin cututtukan ƙwaƙwalwa ta Landan, shi ne jagoran ƙungiyar masu bincike da ake kira 10/66, wadda aka kafa a 1998. Sunan nan ƙorafi ne: a lokacin, kusan kashi 66 cikin 100 na masu cutar mantuwa a duniya suna ƙasashe masu tasowa, amma abin da ya shafe su cikin binciken da ake yi a kan cutar bai kai kashi 10 ba.

A lokacin akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mahukunta da masana, wai a ƙasa irin Indiya iyali suna riƙe tsofaffinsu, saboda haka ba sai hukuma ta sa hannu ba. Magana ce mai daɗin ji, kuma mai arha ga baitulmali. Abin da ba a cika yi ba shi ne a tambayi tsofaffin da kansu.

Yadda aka yi zaman

Binciken lafiya iri biyu ne. Akwai na alƙaluma, wanda ke amsa tambayar "mutum nawa?" Akwai na sauraro, wanda ke amsa "yaya abin yake a wurinsu, me suke kiransa, me suke yi idan ya zo?" Na farko yana buƙatar ka riga ka san abin da za ka ƙirga. In ba ka sani ba, takardar tambayoyinka za ta dawo maka da abin da ka zuba mata ne kawai.

Patel da Prince sun zaɓi zaman tattaunawa na rukuni-rukuni. Ana tara mutane 'yan kaɗan masu kama da juna, tsofaffi daban, likitoci daban, ma'aikatan unguwa daban. Wannan rabon ba ado ba ne. Da an haɗa ma'aikacin unguwa da likitan da ke sama da shi a ɗaki ɗaya, da likita ya ce ba a ganin cutar, shi kuma ƙarami ya gyaɗa kai, magana ta mutu a nan.

Dabara ta biyu ita ce ta labari. Ba a ce wa mutane "me kuka sani game da cutar kaza" ba. Labari aka tsara, gajere, ba tare da an ambaci sunan wata cuta ba. Ɗaya na tsoho ne da ya fara manta abubuwa, yana rikita sunayen mutanen da ya sani, halinsa yana sauyawa. Ɗayan na mai shekaru ne da farin ciki ya ƙaurace masa, jiki ba ƙarfi, barci ba daɗi, ba abin da ke ba shi sha'awa. Sai a tambaya: kun san mai irin wannan hali? Me ke damunsa? Me ya jawo? Me ya kamata a yi masa, kuma wa zai yi?

Amfanin labarin biyu ne. Na farko, bai sa wa mutane kalma a baki ba, su ne za su raɗa wa abin suna. Na biyu ya fi muhimmanci. Tsohuwa ba za ta zauna gaban baƙo ta ce ɗanta ba ya kula da ita ba, don tonon asirin gida ne. Amma in aka ce ga wata a labari, za ta iya cewa "ai irin wannan, 'ya'yanta ne suka yi watsi da ita," kuma duk wanda ke zaune a wurin ya san ba a kan ta labarin kaɗai take magana ba.

Bayan zama sai aikin da ba a gani. A irin wannan bincike ana rubuta duk abin da aka faɗa, a yi ta karantawa ana sa alama a kan maganganun da ke maimaituwa, a duba inda rukuni ya saɓa wa rukuni, a lura da inda aka yi shiru. Aiki ne mai cin lokaci, kuma a nan ne ake bambanta bincike da hirar majalisa.

Abin da aka ji

Mutane sun gane labaran biyu nan take. Sai dai ba su ɗauki ko ɗaya a matsayin ciwon da za a kai wa likita ba.

Mantuwar, a wurinsu, tsufa ne kawai. Mai karatu ba zai ji wannan baƙo ba, don mu ma in tsoho ya fara haka "gigin tsufa" muke cewa, mu rufe ƙofar gida kada ya fita ya ɓace. Wanda ya ɗauki abu a matsayin tsufa ba zai biya kuɗin mota ya kai shi asibiti ba. Ga amsar saɓanin likitoci da ma'aikatan unguwa.

Ciwon damuwa kuwa, wato na labari na biyu, lamarinsa ya sha bamban. Masu shi suna zuwa asibiti, da yawa ma. Amma da ƙorafin jiki suke zuwa, likita ya duba abin da aka kawo masa ya rubuta magani, ainihin ciwon ya koma gida ba a kira sunansa ba. Wato ɗaya ciwon ba ya zuwa asibiti, ɗayan yana zuwa amma ba a ganinsa.

Da aka zo kan dalili, bakin mutane ya zo ɗaya a kan cututtukan biyu: wulaƙanci, sakaci, da rashin ƙauna daga 'ya'ya. Daga nan hirar ta gangara inda masu cewa "iyali sun wadatar" ba su so. Ya bayyana cewa riƙon da 'ya'ya ke yi wa iyaye sau da yawa yana da sharaɗi, sharaɗin kuwa gado ne. Tsohon da ke da gida ko fili, ana kula da shi saboda ana hangen abin da zai bari. Wanda ba shi da komai, ko wanda ya yi gaggawar raba abin hannunsa tun yana raye, ba shi da tabbas. Babu wata takardar tambayoyi da za ta fito da wannan. In ka rubuta "shin iyalinka suna kula da kai? Eh ko a'a," kuma ɗan yana tsaye a bakin ƙofa, ka san amsar da za ka samu.

Bayan iyali kuma babu wani abu. Hidimar hukuma ga tsohon da ba ya iya yi wa kansa komai kusan babu ita. Gidajen tsofaffi da ke Goa a lokacin, a ƙa'idarsu, ba sa karɓar mai naƙasa ta dindindin, mai cutar mantuwa kuwa sun fitar da shi ƙarara. Wanda ya fi kowa buƙatar wurin shi ne aka rufe wa ƙofa. Shi ya sa wani tsoro ya yi ta fitowa a bakin tsofaffin, tsoron ranar da za su zama kaya a wuyan wasu. Ba mutuwa suke tsoro ba kamar kwanciya. Wata masaniyar al'adu, Sylvia Vatuk, ta riga ta bayyana irin wannan fargaba a tsakanin tsofaffin Indiya, binciken Goa ya sami fargabar a ko'ina.

Amsa ɗaya, hukunci biyu

A nan ne, a ganina, darajar lamarin take, kuma nan ne aka fi yin kuskure idan ana ba da labarin irin wannan bincike. Akan nuna kamar duk abin da jama'a suka faɗa gaskiya ne da masana suka jahilta. Ba haka ba ne. Mutanen Goa sun ba da dalili ɗaya ga cututtuka biyu. A kan ɗaya sun kuskure, a kan ɗayar sun fi littafi kusa da gaskiya.

Cutar mantuwa lalacewar ƙwaƙwalwa ce, kamar irin ta Alzheimer, ko wadda toshewar jijiyoyin jini ke jawowa. Rashin ƙauna ba ya haddasa ta. Kuma wannan fahimtar ba kuskure ne maras illa ba, domin in aka ce sakaci ne ya jawo, dole a nemo wanda ya yi sakacin. Wani binciken sauraro da K. S. Shaji da abokan aikinsa na 10/66 suka yi a jihar Kerala, aka buga a 2003, ya nuna a kan wa laifin ke sauka. Masu jinyar galibi mata ne, da yawansu matan 'ya'ya. Abin da ya fi gallabarsu shi ne rikicin halin tsohon da rashin riƙe fitsari da bayan gida, sannan ga dangin da ba sa taimakawa amma ba sa rasa abin faɗa. A ce tsohuwa ta manta an ba ta abinci, ta gaya wa baƙo tun safe ba ta ci komai ba. In ba a san ciwo ba ne, matar ɗan ce ta shiga bakin duniya.

Ciwon damuwa kuwa, wanda ya ce kaɗaici da wulaƙanci da rashin abin hannu ne ke kawo shi bai yi nisa da abin da binciken alƙaluma ya tabbatar a ƙasashe da yawa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Marubutan sun rufe rahotonsu da kiran a wayar da kan jama'a da ma'aikatan lafiya, a kuma sauƙaƙa wa tsofaffi samun kulawa. Kiran wayar da kai ya dace da cutar mantuwa ɗari bisa ɗari. Game da damuwa kuwa, ina ganin likitocin ne suka fi buƙatarsa, don tsofaffin sun riga sun faɗi abin da ke cin su. Abin sha'awa shi ne ayyukan da suka biyo baya sun bi wannan rabon, na farko ya kai wa iyali ilimin da ba su da shi, na biyu ya ɗauki ƙorafin tsofaffin a matsayin wurin farawa.

Aiki na farko: a kai kulawar gida

Amit Dias, likita kuma malami a kwalejin likitanci ta Goa, shi ya jagoranci wannan, tare da Patel da Prince da wasu. Tunanin a fili yake: tun da mara lafiya ba zai zo ba, a je masa; tun da iyali ne kaɗai ke ɗauke da nauyin, a tallafi mai jinya; tun da likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, a horar da mutanen gari.

An yi gwajin a yankunan Bardez da Tiswadi, da iyalai 81 masu tsoho mai cutar mantuwa wadda ba ta yi tsanani ba. Aka jefa ƙuri'a, iyalai 41 suka fara samun hidimar nan take, sauran suka jira wata shida. Masu ziyarar ba likitoci ba ne, ba kuma nas-nas ba. Mutane ne masu ɗan karatu da ke jin harshen wurin, aka ba su gajeren horo, likitan ƙwaƙwalwa da mai ba da shawara suna sa musu ido. Aikinsu su zauna da mai jinya su bayyana mata mene ne ciwon, su nuna mata yadda za ta bi da rikicin hali ba tare da faɗa ba, su ji nata kukan. Likita yana duba tsohon, ya rubuta magani in akwai buƙata.

Wani abu da aka gano a farkon gwajin ya gaskata hirar 2001, ya kuma ƙara mata. Kusan rabin tsofaffin nan 81 likita ya gan su a cikin wata uku da suka wuce, amma kashi 5 cikin 100 kacal aka gane ciwonsu aka ba su maganin da ya dace da shi. Ashe ba rashin zuwa kaɗai ba ne. Wasu suna zuwa saboda wani ciwon, su fita ba a lura da mantuwar ba.

Sakamakon da aka buga a mujallar PLoS ONE a 2008 matsakaici ne. Lafiyar zuciyar masu jinya ta inganta, baƙin cikin da rikicin halin tsohon ke jefa su ya ragu, kuma bambancin ya wuce a ce dace ne. Ma'aunin nauyin jinya ya ragu amma ba yadda za a kafa hujja da shi ba. Iyalai 59 ne suka kai ƙarshe, tsofaffi 18 sun rasu a cikin wata shidan. Wannan adadin shi kaɗai ya isa ya nuna irin raunin mutanen da ake magana a kansu. Mutuwar ta fi ƙaranci a ɓangaren da aka ziyarta, sai dai mutanen sun yi kaɗan a ce ziyarar ce ta jawo.

Aiki na biyu: tare ciwon kafin ya kama

Tsakanin aikin farko da na biyu, wani babban gwaji mai suna MANAS, wanda aka buga a mujallar Lancet a 2010, ya nuna cewa mutanen gari da aka horar za su iya taimaka wa masu ciwon damuwa a ƙananan asibitocin gwamnati na Goa. Sai tambaya ta taso: tsohon da damuwa ta fara taɓa shi amma ba ta kwantar da shi ba, za a iya tare ta? Dias da Patel suka haɗu da Charles Reynolds na jami'ar Pittsburgh a Amurka, aka sa wa aikin suna DIL, wanda a harshen Hindi ke nufin zuciya.

Ba a fara da gwaji ba. An sake komawa hira, wannan karon mutum ɗaya-ɗaya, da tsofaffin da ke da alamun damuwa. Abin da aka ji shi ya gyara tsarin. Ba sa kiran halin da suke ciki da sunan da likita ke kiransa. "Tenshan" suke cewa, kalmar Turanci da ta zama ta gida a Indiya, ko su ce tunani ya yi musu yawa. In aka ce me ke kawo tenshan ɗin, sai su lissafa ciwon jiki, kuɗi, da sha'anin 'ya'ya. Saboda haka masu ba da shawarar suka riƙa magana da harshen da tsofaffin ke ji, ba da sunan cutar da za ta sa mutum ya ɗauka ana ce masa mahaukaci ba.

Kashin bayan aikin wata hanya ce ta warware matsala da aka daɗe ana amfani da ita a ƙasashen Turai da Amurka: a ware matsala ɗaya daga cikin tarin da ke cunkushe a zuciya, a fayyace ta, a kawo hanyoyin da za a iya bi, a zaɓi ɗaya, a gwada, a dawo a duba. A can, da takarda da biro ake yi, mara lafiya yana cike fom a gida. Da yawa daga tsofaffin Goa ba su yi karatu mai zurfi ba, don haka aka sauƙaƙa matakan, aka koma amfani da allon hotuna da ake buɗawa shafi-shafi.

Sai aka ƙara abubuwa uku da hirar ta nuna ba makawa. Akwai gyaran barci ba da ƙwaya ba, mai dokoki 'yan kaɗan: kada ka kwanta sai barci ya zo, in ya ƙi zuwa ka tashi daga gadon, ka riƙa farkawa lokaci ɗaya kullum, ka rage daɗewa a kwance. Akwai koyar da yadda mutum zai kula da ciwon da ya daɗe da shi, irin su ciwon sukari da hawan jini. Akwai kuma taimaka wa tsoho ya kai ga asibiti da shirye-shiryen tallafi na gwamnati da yake da hakki a kansu. Wannan na ƙarshe ba ya kama da aikin likitan ƙwaƙwalwa, amma ga wanda tenshan ɗinsa rashin kuɗin magani ne, cike masa takardar neman tallafi ya fi zama goma na nasiha.

Mutum 181 masu shekara 60 zuwa sama suka shiga gwajin, 91 aka yi musu aikin, 90 suka ci gaba da kulawar da aka saba. Bayan shekara ɗaya, kashi 4.4 cikin 100 na rukunin farko ne suka faɗa cikin cikakken ciwon damuwa, a rukuni na biyu kuwa kashi 14.4. A lissafin masu binciken, in aka yi wa mutum goma aikin, an tsare ɗaya. Bai sauya ƙarfin yin hidimar yau da kullum ko kaifin tunani ba. An buga wannan a mujallar JAMA Psychiatry a 2019. Bayan gwajin ma an sake komawa wurin wasu daga cikin waɗanda aka yi wa aikin don jin abin da ya zauna musu, kuma abin da suka yi ta ambata shi ne komawa ga ayyukan da suke jin daɗinsu da motsa jiki.

Inda aikin ya tsaya

Hanyar sauraro tana da nata gurguntaka, kuma ta bayyana a nan. Zaman rukuni yana fito da abin da jama'a suka yarda a faɗa a bainar jama'a. Zargin 'ya'yan zamani magana ce da tsofaffi ke yi a ko'ina, kuma hira ba za ta gaya maka ko gida ɗaya cikin goma ne ake riƙon tsoho don gado ko gida biyar ba. Ta nuna abin yana nan, ba ta auna shi ba. Labaran da aka karanta kuma likitoci ne suka tsara su bisa rabe-raben littafinsu, don haka ciwon da ba ya cikin littafin ba shi da ƙofar shigowa. Sannan game da cutar mantuwa, muryar da aka fi ji ta masu jinya ce da ma'aikata. Gwajin 2008 ma lafiyar mai jinya ya fi aunawa.

Batun gado, wanda shi ne mafi ɗacin abin da aka gano, babu ɗaya daga ayyukan biyu da ya taɓa shi, kuma ba laifinsu ba ne, ba aikin mai ziyara ba ne. Majalisar Indiya ta yi doka a 2007 wadda ta wajabta wa 'ya'ya ciyar da iyayensu, ta ba tsoho damar kai ƙara a yanka masa kuɗin wata, ta kuma yarda a soke kyautar dukiyar da ya yi bisa sharaɗin za a kula da shi in ba a cika sharaɗin ba. Ba binciken Goa ne ya kawo dokar ba, amma samuwarta ta nuna abin bai tsaya a Goa ba. Sai dai tsohon da ke jin nauyin faɗin laifin ɗansa a gaban baƙo, sai an laɓe masa a bayan labari, ba ƙaramin abu ne zai kai shi gaban alƙali ba.

Alƙaluman DIL ma suna son a riƙe su da hankali. Kashi 4.4 da 14.4 ɗin nan, in aka mayar da su mutane, 4 ne da 13. Da biyu ko uku sun sauya ɓangare, da hoton ya canza. Kuma rukunin da aka gwada da su ba a ba su wata kulawa ta daban da za ta yi daidai da zaman da aka yi da ɗaya rukunin ba. To, tsofaffin nan da bakinsu suka ce sakaci da rashin mai kula ne ke damunsu, sai ga wani yana zama da su a kai a kai yana tambayar lafiyarsu. Ko matakan warware matsala ne suka yi aikin, ko gyaran barci, ko takardar tallafi, ko zaman shi kansa, gwajin bai rarrabe ba. Amsar tana da tasiri a kan kuɗi, domin ita za ta nuna irin horon da za a biya da irin mutanen da za a ɗauka. Raba wannan gardama sai gwaji mafi girma mai rukuni na uku, wanda za a riƙa zama da su ana hira kawai.